RSS, PSS ko cgroup: wace lamba za ka yarda da ita wajen auna memorin furoses a Linux?

Duk wanda ya taɓa riƙe saba ta Linux, ko da ƴar ƙarama ce ta gigabait 1 ko 2 da yake biyan haya duk wata, ya san wannan ruɗanin. Ka buɗe top, kayan aikin da yake jera manhajojin da suke gudana, ka ga lambobi uku a jere, VIRT da RES da SHR, ka buɗe htop ka ga manhaja ɗaya ta maimaitu sau ashirin, ka duba systemctl status ya ba ka wata lamba daban, docker stats shi ma ya zo da tasa, kuma duk a kan abu ɗaya ake magana fa. Wani ƙanena da yake kula da shafin wata makaranta ya taɓa kirana cikin dare wai ya haɗa RES na duk furoses ɗin PHP ɗinsa, wato kowane kwafin manhajar da yake gudana, ya samu sun fi RAM ɗin sabar gaba ɗaya yawa, amma kuma sabar tana aiki lafiya lau, yana tambaya ko top ɗin ne ya lalace. Bai lalace ba. Kowace lamba a cikin waɗannan akwai tambayar da take amsawa, matsalar ita ce mu muke ɗaukar amsar wata tambaya mu ɗora a kan wata.

To bari mu fara da gidan haya, don da shi na fi saurin fahimtar da mutane. Ka ɗauka RAM gidan haya ne irin mai ɗakuna da yawa, zaure ɗaya, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, kowane furoses kuma ɗan haya ne. VSZ, wanda top yake kira VIRT, shi ne duk filin da aka rubuta wa mutum a takarda, ko ya gina ko bai gina ba. RSS, wato RES a top, shi ne ɗakinsa da yake ciki haɗe da duk wurin da yake takawa a gidan, zaure da tsakar gida da rijiya, kamar nasa ne shi kaɗai. PSS shi ne ɗakinsa da kuma kasonsa na wuraren tarayya, yadda ake raba kuɗin wuta, in ƴan haya goma ne kowa ya ɗau kashi ɗaya cikin goma. USS kuma ɗakinsa ne kawai, abin da zai zama fanko ranar da ya kwashe kayansa ya tafi. In ka riƙe wannan, rabin aikin ya ƙare.

VSZ ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Linux idan manhaja ta nemi memori ba ya miƙa mata nan take, adireshi yake ba ta, sai ranar da ta taɓa shafin sannan kanel, wato zuciyar Linux mai rabon memori, ya nemo mata ainihin wuri a RAM, shafi-shafi, kilobait 4 kowanne a yawancin kwamfutocinmu. Shi ya sa za ka ga Java ko Go sun nuna VIRT mai ban tsoro, Chrome ma wani furoses ɗinsa yakan nuna sama da terabait ɗaya a laftof mai gigabait 8, kuma ba komai ba ne. Ni dai in mutum ya turo min hoton top yana nuna min VIRT nakan ce ya matsa zuwa layi na gaba.

RSS shi ne wanda kowa ya fi sani saboda shi ne mafi sauƙin samu, ba sai ka girka komai ba.

ps -o pid,rss,vsz,cmd -p 1234

zai ba ka shi da kilobait, a top kuma ka danna Shift da M ya jera maka daga mafi ci zuwa ƙasa. Kanel yana riƙe da wannan lissafin a hannu kullum, don haka karanta shi ba ya wahalar da saba, kana iya duba shi duk daƙiƙa ba tare da ka ji a jikinta ba. Wannan babban alheri ne kuma mutane suna raina shi. Idan manhajarka furoses ɗaya ce tal, misali wani sikirif na Python da yake tauna babban fayil, ko Node guda ɗaya, ko Redis, to gaskiya RSS ya ishe ka, don abin da take tarayya da wasu bai wuce ƴan laburare irin libc ba, ƴan megabait ne da ba za su canza maka hukunci ba.

Inda RSS yake ɓatar da mutum wuri biyu ne. Na farko shi ne haɗa shi. Duk manhajar da take haifar ƴaƴa, PHP-FPM, Apache mai prefork, PostgreSQL, Gunicorn, Chrome, kowane ɗa yana ƙirga kayan tarayya a matsayin nasa, kai kuma sai ka zo ka tara su, ka ƙirga tsakar gida sau goma. PostgreSQL ne ya fi fito da wannan fili, saboda shared_buffers wuri ɗaya ne amma duk furoses ɗin da ya taɓa wani sashe nasa sai ya shiga RSS ɗinsa, sai ka ga haɗi ɗaya da ya daɗe a buɗe RSS ɗinsa yana ta hawa kamar yana yoyo, wato yana cin memori ba ya sakinsa, alhali kawai yana ƙara taka wuraren da dama can suna nan. Na biyu kuma suwaf, wato wurin da ake warewa a diski don ajiye abin da RAM ta kasa ɗauka. Abin da kanel ya kwashe ya kai suwaf ba ya cikin RSS, to sai RAM ta cika, kanel ya fara kwashe kayan furoses ɗinka zuwa diski, kai kana kallo RSS yana sauka kana murna wai ya daina ci, alhali lokacin ne ma abin ya fi muni. Don haka ni ba na kallon RSS shi kaɗai, sai na haɗa da VmSwap, adadin da aka kai suwaf.

Wannan ya kawo mu fayil ɗin da na fi so a duk harkar nan, /proc/1234/status, ka sa lambar furoses ɗinka a maimakon 1234. Abin da ps da top suke nuna maka duk daga /proc suke ɗebowa, to me zai hana ka je rijiyar da kanka.

grep -E 'Vm|Rss' /proc/1234/status

A nan za ka ga VmRSS, amma tun Linux 4.5 an fasa shi gida uku: RssAnon, RssFile da RssShmem. RssAnon shi ne memorin da manhajar ta ƙirƙira da kanta, bayanan da take riƙe da su, ba shi da wani fayil a bayansa, kanel ba zai iya jefar da shi ba sai dai ya kai suwaf ko ya kashe mai shi. RssFile kuma shafukan fayil ne, kod ɗin manhajar kanta da laburare da duk fayil ɗin da aka yi wa mmap, wanda in an matsu ana iya zubarwa a sake karantowa daga diski. Wannan bambancin wallahi ya fi duk wani kyakkyawan zane da za ka gani a wata manhajar sa ido amfani. Furoses mai RSS gigabait 1 wanda megabait 900 a ciki RssFile ne ba shi da haɗari kamar mai megabait 600 wanda duka RssAnon ne. Sannan ga VmHWM, ƙololuwar da RSS ya taɓa kaiwa tun da furoses ɗin ya tashi, za mu dawo kansa.

Yanzu PSS. Matt Mackall ne ya kawo shi cikin kanel, ya shigo a Linux 2.6.25 a 2008, kuma shi ne ya rubuta smem, ɗan kayan aikin da yake nuna USS da PSS da RSS gefe da gefe. Ana samun lissafin a /proc/1234/smaps, amma wannan fayil ɗin dogo ne sosai, kowane yanki na memori da bayaninsa, babbar manhaja tana iya ba ka dubban layuka. Tun Linux 4.14 a 2017 aka ƙara smaps_rollup wanda yake tara maka duka a taƙaice, shi nake ba da shawara.

sudo cat /proc/1234/smaps_rollup

sudo smem -k -t -P php-fpm

Bari in yi lissafi da lambobi na misali don a ga inda kuɗi yake zuba. A ce kana da ma'aikatan PHP-FPM guda 10, wato furoses masu amsa buƙatun shafi, kowanne RSS ɗinsa megabait 90, amma 60 a ciki na tarayya ne, opcache da laburare, 30 ne kawai nasa na kansa. Ka haɗa RSS ka samu 900. Gaskiyar abin da suka ci kuwa 30 sau 10 ne, 300, da 60 na tarayya sau ɗaya, 360 ke nan, kuma daidai abin da PSS zai ba ka ke nan in ka tara, don kowanne zai nuna 36. To a ce bayan MySQL da sauran tsarin sun ɗau nasu saura maka megabait 1100 a sabar, kana so ka saita pm.max_children, wato iyakar yawan ma'aikata. Mai lissafi da RSS zai raba 1100 da 90 ya tsaya a 12, ranar da aka saki sakamakon jarrabawa ɗalibai suka yi wa shafin ca sai layi ya yi tsawo shafi ya fara ƙin buɗewa, sai a ce a ƙara kuɗi a sayi babbar saba, alhali RAM tana nan zaune. Mai lissafi da USS zai cire 60 ɗin nan sau ɗaya, ya raba 1040 da 30, ya ga wuri zai ɗauki sama da 30. Ba wai ka sa 34 ɗin cif ba, don buƙata ɗaya mai nauyi tana iya kumbura ma'aikaci har zuwa memory_limit, wanda asalinsa 128M ne a PHP, dole ka bar sarari, amma ko a 25 ka tsaya, tsakanin 12 da 25 ai akwai tazara, kuma ga wanda yake biyan hayar saba da dala wannan tazarar kuɗi ce a aljihu.

Ka lura da abin da na yi a can: don sanin nawa suka ci gaba ɗaya, PSS na tara, don sanin nawa ƙarin ma'aikaci ɗaya zai ci, USS na duba. Mutane da yawa suna haɗa su wuri ɗaya su ce ai duk PSS ne ya fi daidai, a'a. PSS yana da wani hali da yake sa shi bai dace da bin diddigin furoses ɗaya na tsawon lokaci ba, yana motsi ko da furoses ɗin bai yi komai ba. A misalinmu in ma'aikata suka ragu daga 10 zuwa 5, kason kowa na tarayya ya tashi daga 6 zuwa 12, PSS ya tashi daga 36 zuwa 42, kamar dai yadda kuɗin wutarka yake ƙaruwa idan maƙwabta suka tashi daga gidan ba don ka ƙara kunna komai ba. In kana zana wannan a jadawali za ka yi ta ganin hawa da sauka da ba su da alaƙa da kod ɗin da ka rubuta. Ga kuma tsada: kafin kanel ya ba ka PSS sai ya bi teburin shafukan furoses ɗin ɗaya bayan ɗaya yana duba mutum nawa ne suke tarayya a kowane shafi, a kan furoses mai gigabait da yawa wannan aiki ne, ba abin da za ka sa a madauki duk daƙiƙa ba ne a saba mai hidima. Kuma in furoses ɗin ba naka ba ne sai da sudo, in ka kira smem ba sudo zai tsallake na wasu ya ba ka jimilla ƙarama ba tare da ka ankara ba.

Wani ɗan abu a gefe ga masu Python. Bayan fork, wato lokacin da furoses ya haifi kwafin kansa, ɗa da uwa suna tarayya a shafuka har sai ɗayansu ya yi rubutu a kai sannan a kwafa masa nasa. Matsalar Python ita ce ko karanta abu ka yi sai ya taɓa ƙirgen da yake jikin abin, wanda rubutu ne a wurin kanel, to sannu a hankali shafukan tarayya suna komawa na kashin kai, sai ka ga USS na ma'aikatan Gunicorn yana hawa a sa'o'in farko ba tare da wani yoyo na gaske ba. Injiniyoyin Instagram sun sha fama da ɓangaren wannan da mai kwashe shara na Python, wato sashen da yake sakin memorin da aka gama da shi, yake jawowa, daga nan gc.freeze ya samo asali a Python 3.7. Kuma wannan yana nufin RssAnon ma yana ƙirga shafukan da ɗa da uwa suke tarayya sau biyu, don haka shi ma kar ka tara shi a kan furoses masu fork.

Sai cgroup, wato ƙungiyar furoses da kanel yake lissafawa a dunƙule, wanda a ganina shi ne ya kamata mai riƙe da saba a yau ya fi ba muhimmanci, kuma shi ne aka fi mantawa. Duk sabis ɗin da systemd ya tayar yana zaune a cikin nasa cgroup, haka duk kwantenar Docker, akwatin da ake killace manhaja a ciki, kuma kanel yana lissafin memorin ƙungiyar gaba ɗaya, uwa da ƴaƴa da jikoki, kowane shafi sau ɗaya, ba sai ka tara komai da hannu ba, ba kuma ruwanka da lambar furoses da take canzawa duk lokacin da aka sake tayar da sabis. Fedora ta koma cgroup v2 tun fitowa ta 31, Debian daga 11, Ubuntu daga 21.10, don haka in sabarka ba tsohuwa ba ce sosai kana kai.

cat /sys/fs/cgroup/system.slice/php8.2-fpm.service/memory.current

Wannan ita ce lambar da systemctl status yake nunawa a layin Memory, systemd-cgtop kuma yana jera maka duk sabis kamar top. Dalilin da ya sa nake fifita ta ba wai ta fi kyau a ido ba ne, dalilin shi ne da ita ake yanke hukunci. In ka sa wa sabis MemoryMax ko ka ba kwantena iyaka, kanel ba RSS ko PSS yake dubawa ba, lissafin cgroup yake gwadawa da memory.max, in ya kai kuma ya kasa zubar da komai sai ya kira mai kisan OOM, wanda yake kashe furoses idan memori ya ƙare, kwantena ta mutu da lambar fita 137, wato 128 da siginar kisa ta 9. To in kana bin RSS kaɗai za ka iya rantsuwa cewa manhajarka ba ta kai iyaka ba, amma an kashe ta, saboda akwai abubuwan da cgroup yake ƙirgawa da RSS bai san da su ba, kamar fayilolin da aka zuba a tmpfs, folda mai zama a RAM, da memorin da kanel ya yi amfani da shi a madadin ƙungiyar.

Aibinsa shi ma a nan yake. memory.current ya haɗa da kesh na fayiloli, duk fayil ɗin da sabis ɗin ya karanta ko ya rubuta kanel yana ajiye kwafi a RAM ya ɗora a asusunsa. Sabis mai rubuta log da yawa ko mai yin bakof za ka ga lambarsa ta cika fal har bakin iyaka ta tsaya a nan, mutum ya firgita, alhali mafi yawa kesh ne da za a zubar da zarar an buƙaci wurin. Maganin shi ne ka buɗe memory.stat a wannan foldar ka duba layin anon da file daban-daban, kamar dai yadda muka yi da RssAnon da RssFile. docker stats ya riga ya rage maka wani abu, yana cire inactive_file kafin ya nuna, shi ya sa lambarsa ba ta yin daidai da memory.current, kuma haka Kubernetes yake yi a abin da yake kira working set. Akwai kuma memory.events, in ka ga oom_kill ya wuce sifili to an taɓa kashe wani a gidan, sannan dmesg zai nuna maka layin Out of memory da sunan wanda aka kashe.

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu hoto ne na lokaci ɗaya. Bin diddigi wani abu ne daban, kuma nan ma sai ka san me kake nema, ƙololuwa ko yoyo.

In ƙololuwa ce, wato aiki ne mai farawa ya ƙare kana so ka san iyakar abin da ya ci, kar ka zauna kana zura wa top ido. top duk daƙiƙa 3 yake sabuntawa, manhaja tana iya haɗiye gigabait 2 ta amayar tsakanin ƙiftawa biyu ba ka gani ba. Yi amfani da

/usr/bin/time -v python3 aiki.py

ka duba layin Maximum resident set size. Ka rubuta cikakkiyar hanyar fa, don time na cikin bash wani ne daban ba ya ba da wannan, a Debian da Ubuntu ma wani lokaci sai ka girka kunshin time tukuna. Kanel ne da kansa yake riƙe wannan lambar don haka ba abin da yake wuce shi. In furoses ɗin yana kan aiki ba ka so ka tsayar da shi, VmHWM ɗin nan na status shi ne daidai wannan. Amma in aikin mai haifar ƴaƴa da yawa ne a lokaci guda, kamar make -j8, time zai ba ka na ɗan da ya fi kowa girma ne kawai ba jimillarsu ba, a nan sai ka koma cgroup, ka tayar da aikin da systemd-run --scope ka karanta memory.peak kafin ya rufe, wanda ya shigo a Linux 5.19. Ni har nakan fi son in juya tambayar, in sa -p MemoryMax=500M da -p MemorySwapMax=0 in ga ko aikin zai kammala a cikin wannan iyakar, don sau da yawa abin da nake son sani ke nan tun farko, zai shiga ƙaramar saba ko ba zai shiga ba.

In kuma yoyo kake zargi, abin da kake buƙata haƙuri ne da lamba mai arha wadda ba ta rawa. pidstat daga kunshin sysstat ya dace:

pidstat -r -p 1234 60

duk minti ɗaya zai buga maka RSS da kuma majflt/s, wato sau nawa furoses ya nemi shafi aka ce sai an je diski, in wannan ya fara hawa to RAM ta fara ƙaranci ko da ba a kashe kowa ba. Ko ka rubuta ɗan madauki na bash da zai riƙa zuba kwanan wata da RssAnon da VmSwap a fayil, layi uku ne, ka bar shi kwana biyu ko uku. Masu Python suna da psutil, memory_info yana ba da rss da arha, memory_full_info yana ba da uss da pss amma da tsadar nan ta smaps. Abin dubawa shi ne siffar layin ba girman lambar ba. Layin da ya hau ya hau sannan ya kwanta ya miƙe, ba yoyo ba ne, manhaja ce ta cika kesh ɗinta ta zauna. Wanda yake hawa yana sauka kamar haƙoran zarto, mai kwashe shara ne yake aikinsa. Wanda ƙasansa yake ƙara tashi kullum, yau mafi ƙarancinsa ya fi na jiya, na jiya ya fi na shekaranjiya, shi ne abin tsoro. Kuma kar ka yi mamaki in manhaja ta gama babban aiki RSS bai sauko ba, malloc na glibc ba kullum yake mayar wa kanel abin da aka sake ba, yakan riƙe don gaba, musamman a manhaja mai zaren aiki da yawa, wato threads, inda yake buɗe rumbuna daban-daban, akwai lokutan da saita MALLOC_ARENA_MAX=2 kaɗai yake rage cin sosai ba tare da an taɓa layi ɗaya na manhajar ba.

Da zarar ka tabbatar yoyo ne, duk waɗannan kayan sun gama nasu, sun gaya maka tulu yana zuba amma ba za su nuna maka inda ya tsage ba. Nan ne ake shiga ciki: tracemalloc ga Python, yana nan tun 3.4, ga C da C++ kuma massif na Valgrind ko heaptrack. Tsakanin biyun nan ni heaptrack nake ɗauka don Valgrind yana rage gudun manhaja ninki da yawa, kuma duka biyun a kwamfutar gwaji ake yin su ba a sabar da mutane suke kai ba.

Masu Windows ban manta da ku ba, hikimar ɗaya ce sunaye ne suka bambanta. Lambar da Task Manager yake nunawa a layin Memory ita ce private working set, kusan USS ke nan, Working Set cikakke kuma shi ne ɗan'uwan RSS. Don neman yoyo Private Bytes za ka bi, wanda shafin Details yake kira Commit size, saboda Windows yana iya rage wa furoses working set a kowane lokaci ka ga kamar ya sauka. Process Explorer da VMMap na Sysinternals kyauta ne, perfmon kuma zai rubuta maka na kwanaki. A Android, adb shell dumpsys meminfo da sunan manhaja PSS yake ba ka kai tsaye, kuma da dalili, don kusan duk manhajojin waya daga furoses ɗaya mai suna Zygote ake haifarsu, tarayyarsu tana da yawa.

Htop kuma, wanda Hisham Muhammad ya fara a 2004, ina amfani da shi kullum don leƙawa da sauri, amma ka danna babban H ya ɓoye zaren aiki, in ba haka ba MySQL ɗaya zai fito maka layi talatin kowanne da RES iri ɗaya, kuma memori ɗaya ne ake maimaita maka. Haka in kana so ka san ko sabar gaba ɗaya tana da sauran wuri, a free -h layin available za ka duba ba free ba, don Linux da gangan yake cika RAM da kesh.

To ƙanen nan nawa me muka yi a daren? Na ce ya bar top, ya kira smem da sudo a kan php-fpm, jimillar PSS ta fito ƙasa da rabin abin da ya tara da hannu, hankalinsa ya kwanta. Washegari muka ɗaga pm.max_children bisa USS muka bar sarari, muka sa wa sabis ɗin MemoryHigh da MemoryMax don in wani abu ya ɓaci PHP ya mutu shi kaɗai kar ya ja MySQL su tafi tare, sannan ya sa cron yana rubuta anon na memory.stat da oom_kill na memory.events duk minti biyar a wani fayil. Smem bai sake buɗe shi ba sai ranar da suka ƙara wani sabon fulogin mai nauyi yana so ya ga ko ɗakin kowane ma'aikaci ya ƙara faɗi, ya kuwa ƙara, sai ya rage ma'aikata huɗu.